Idan Jiniya Ta Yi Kuka, Wa Zai Fito? Ƙa'idojin Kafa Na'urar Ankarar da Shigar Ɓarayi a Masarautar Daura

Tsakure

Takardar nan ta duba na'urorin da ake kafawa a gidaje da shaguna domin su yi ƙara idan an fasa ƙofa ko an haura katanga, da irin ƙa'idar da ta dace da su a ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura. Dokokin da suka taɓo lamarin a warwatse suke a hannun hukumomin tarayya daban-daban, kowacce ta kama gefe guda. Matsayin takardar shi ne jiniya kira ce ga mutane. Saboda haka ƙa'idar da za ta yi amfani a Daura ita ce wadda ta fara tsara masu amsa kiran, kafin ta zo kan waya da batir da rajista.

1. Gabatarwa



Duk wanda ya san Daura kafin 2015, idan ya zaga ta yau zai ga yadda garin ya faɗaɗa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da asibitin sojojin sama sun kawo ma'aikata da ɗalibai da 'yan kwangila, unguwanni kuma sun tsiro a bakin hanyoyin da suka nufi Kano da Katsina da Zango da Mai'aduwa. Wasu daga sababbin gidajen nan masu su na zaune a Abuja ko Kano ko Kaduna, sai da salla ko biki ko rasuwa ake buɗe su. Kayan shaguna ma sun canja. Yanzu wayoyin hannu ne da baturan sola da magunguna da kuɗin masu POS, kaya masu tsada marasa nauyi da mutum ɗaya zai iya kwashewa a buhu guda.

Allah ya tsare ƙananan hukumomin masarautar, wato Daura da Ɓaure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, daga irin ta'asar 'yan bindigar daji da ta addabi Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari. Abin da ya fi damun mai gida a nan shi ne fasa shago da haura katanga da satar babur da kwance dabba daga turke. Irin wannan satar aka ƙera na'urar ankararwa dominta, kuma ganin ana samun ta a kasuwannin Kano da kuɗin da matsakaicin ɗan kasuwa zai iya biya, ba abin mamaki ba ne ta ci gaba da yawaita a ƙasar Daura. Ya fi kyau a yi mata ƙa'ida yanzu da take kan shigowa, kafin rigimarta ta fara isa gaban alƙali.

2. Yadda na'urar ke aiki, da abin da ke sa ta kukan banza

A 1853 aka ba Augustus Russell Pope, wani mutumin yankin Boston a Amurka, shaidar mallakar fasahar wata ƙararrawar lantarki da ke kaɗawa idan an buɗe ƙofa ko taga. Edwin Holmes ya saye ta a 1857 ya mayar da ita sana'a. Asalin dabarar yana nan har yau. Akwai abin da ke jin shigowa: maganaɗisu a jikin ƙofa, ko ido mai ganin motsin abu mai ɗumi, ko wani haske da ido ba ya gani da ke ratsawa tsakanin sanduna biyu a kan katanga. Akwai akwatin da ke karɓar saƙon. Sai kuma abin da ke sanarwa, ko dai jiniya, ko layin waya da zai kira mai gida, ko duka biyun.

Yanayinmu yana wahalar da kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Idon jin motsi bambancin zafi yake gani tsakanin jikin mutum da abin da ke kewaye da shi. Zafin jikin mutum yana wajen digiri 37, a Daura kuwa da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana kan haura 40, shagon da aka rufe da kwano kuma yakan riƙe zafin har dare ya yi nisa. A irin wannan lokaci idon yakan yi rauni. Mai haɗa na'urar sai ya ƙara masa kaifi don mai shago ya gamsu. Da sanyi ya shigo, idon nan da aka ƙara wa kaifi sai ya riƙa kuka saboda kyanwa ko ɓera ko jemage, ko tsakar da ta hau kan gilashinsa. Ƙurar hunturu tana toshe hasken da ke kan katanga, tana kuma rufe farantin sola. Ƙofar ƙarfen da ba ta zauna daidai ba, iskar farkon damina na girgiza ta sai maganaɗisun ya rabu.

Sai maganar wuta. KEDCO ce ke raba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, kuma kowa a Daura ya san sau nawa ake ɗaukewa a kawo a yini guda. Na'urar ta dogara ga ƙaramin batir mai gubar dalma, wanda masu ƙera shi kan auna daɗewarsa a zafin digiri 25. Duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage rabin kwanansa. Batirin da ya gaji yakan sa jiniya ta tashi a daidai lokacin da aka ɗauke wuta ko aka sauya zuwa janareta. Layin wayar da ke cikin akwatin shi ma yana da nasa sharuɗɗa: tun Disamban 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi, kuma kati na ƙarewa ba tare da mai gida ya sani ba. A Satumban 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga. Masarautar Daura ba ta cikinsu, amma abin ya nuna cewa na'urar da ta jingina da layin waya kaɗai tana iya yin shiru na tsawon watanni bisa umarnin hukuma.

Na tsaya a kan waɗannan ne domin a gane cewa kukan banza ba tsautsayi ba ne da ke faruwa jefi-jefi. A yanayi irin namu shi ne abin da za a fi ji, sai fa idan an kafa na'urar da ilimi an kuma ci gaba da duba ta.

3. Dokokin da ke ƙasa

Wanda ya so ya kafa na'urar bisa doka zai tarar da ƙofofi da yawa, kowacce da mai gadinta. Ingancin kayan da aka shigo da su yana hannun hukumar SON. Na'urar da ke amfani da layin sadarwa tana buƙatar amincewar NCC, ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. Aikin haɗa wayar lantarki da ba masu yin sa takardar shaida yana hannun NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015. Izinin gini a jiharmu yana wajen Hukumar Tsara Birane ta Jihar Katsina.

Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986 ta wajabta lasisi ga duk kamfanin da ke sayar da aikin gadi ko sintiri ko rakiyar kuɗi, ta kuma hana ma'aikatansa riƙe bindiga. Hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu, bisa dokarta ta 2003 da gyaran 2007. Kamfanin da ya yi alkawarin turo masu gadi idan jiniyarka ta yi kuka ya shiga ƙarƙashin wannan doka. Amma saurayin da ya koyi wayarin a wajen maigidansa, ya sayo na'ura a Kano ya liƙa maka a shago, ba shi dokar ta sa a gaba ba, alhali kuwa shi ne ya san inda kowane ido yake da lambar da ake kashe shi da ita.

A ɓangaren ƙara, akwai ƙa'idojin hukumar NESREA na 2009, waɗanda suka sa iyakar ƙara a unguwar zama a desibel 50 da rana, 35 da dare. Jiniyar da ake sayarwa takan kai desibel 100 zuwa 120 ga wanda ke tsaye kusa da ita. Babu mai hankalin da zai ce kada jiniya ta wuce wannan iyaka a lokacin da ɓarawo ke cikin gida, amfaninta ke nan. Abin tambaya shi ne wadda ta kwana tana kuka a gidan da mai shi ke Abuja, a unguwar da ke da jariri da marar lafiya da tsoho. Ma'aikacin NESREA ba zai taso daga Katsina da tsakar dare ya kashe ta ba, maƙwabcin da ya haura ya cire wayarta kuma shi ne zai zama mai laifin shiga gidan mutane.

4. Abin da wasu ƙasashe suka koya

A Amurka, wani littafin jagora da ma'aikatar shari'ar ƙasar ta wallafa wa 'yan sanda ya nuna cewa kashi 94 zuwa 98 cikin ɗari na kiran da na'urorin nan ke yi na banza ne. Shi ya sa garuruwa da yawa ke wajabta rajista suna kuma cin tarar mai gidan da na'urarsa ta maimaita ƙarya. Birnin Salt Lake ya ƙara gaba a shekarar 2000, ya ce 'yan sanda ba za su fito ba sai wani ya je ya tabbatar akwai alamar shiga. A Ingila, dokar 2005 ta tsabtar unguwanni da muhalli ta ba ƙananan hukumomi ikon ware yankunan da dole mai na'ura ya ba da sunan wanda ke riƙe da mabuɗin gidansa, ta kuma ba jami'insu hanyar kashe jiniyar da ta yi minti 20 tana kuka babu tsayawa, ko ta yi awa guda tana yi tana dainawa. 'Yan sandan ƙasar kuma sukan janye amsa kiran gidan da ya yi ƙarya sau uku cikin wata 12, har sai an gyara. A Afirka ta Kudu, dokar 2001 ta wajabta wa masu haɗa na'urorin tsaro yin rajista da hukumar PSIRA.

Ƙa'idar minti 20 da ta mai riƙe mabuɗi da ta rajistar masu haɗawa duk abin ɗauka ne. Sai dai dokokin Amurka da Ingila an gina su ne a kan zaton cewa ɗan sanda ne zai zo, asarar kukan banza kuma ita ce lokacinsa da man motarsa. A Daura lissafin daban yake.

5. Wa zai fito?

Kafin jiniya akwai kururuwa. A tsarin garuruwanmu na da, wanda aka shiga wa gida yakan yi ihu, maƙwabta su fito, a kama wanda aka kama a kai shi gaban mai unguwa, daga nan zuwa dagaci ko hakimi, dogarai da 'yan doka su kai shi gaban alƙali. Ihun yana da mai shi. An san muryar wane ce, an san ƙofar da za a nufa, wanda ya yi kururuwar ƙarya kuma zai sha kunya da safe a zauren mai unguwa. An narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya a zamanin Janar Yakubu Gowon, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ikon gudanarwa daga hannun sarakuna, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 kuma ya tsayar da rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa. Amma da dare, a unguwa, al'adar fitowa ba ta mutu ba. Har yau masu fara isowa su ne maƙwabta da 'yan sintiri, da sanduna da tocila da usur.

Hukuma ta yi ƙoƙari. Akwai lambar gaggawa ta 112, wadda aka buɗe cibiyarta a Katsina a 2019. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, kodayake ƙarfinta ya fi karkata ga yankunan da ke bakin daji, kuma haka ya dace. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma. Duk da haka, mintuna goma na farko bayan jiniya ta tashi a hannun mutanen unguwa suke, kuma a cikin mintunan nan ne ake samun alheri ko a yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Haɗari na farko shi ne a kan wanda aka tarar a bakin katanga. Mu tambayi kanmu, su wa ke yawo a lungu tsakanin ƙarfe biyun dare da asuba? Akwai almajirin da ke neman inda zai raɓa daga sanyi. Akwai mai taɓin hankali. Akwai baƙon da mota ta sauke shi a makare, da ɗan'uwanmu na Nijar da ya tsallako ta Kwangwalam zai ci kasuwar Mai'aduwa, da ladanin da ke sammakon masallaci. Idan kyanwa ta tada jiniya, mutane suka fito a fusace da barci a idonsu, wani ya ce "ga shi nan", wanda ke kusa shi ne ɓarawo. Jiniya ba ta da bakin da za ta ce kuskure ta yi. A Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta 'yan arewa da ke kan hanyar komawa gida salla, bayan 'yan sintiri sun tare motarsu an yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Mun yi kuka a kan wannan, kuma muna da gaskiyar yin kukan. To wajibi ne mu tsare unguwanninmu daga yi wa wani irin abin da aka yi wa namu. Doka ta yarda farar hula ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ba ta ba kowa izinin duka ba. Sashe na 33 da na 34 da na 36 na tsarin mulki sun kare ran wanda ake zargi da mutuncinsa, sun kuma ɗauke shi marar laifi har kotu ta tabbatar. Shari'ar Musulunci ma ba ta tsayar da hukuncin sata sai da shaida ko iƙirari a gaban alƙali.

Haɗari na biyu kishiyar na farko ne. Unguwar da aka tasa sau biyar a banza ba za ta fito a na shida ba. Abin da ya fi ciwo shi ne gajiyar ba ta tsayawa kan gidan mai na'urar. Mutanen da suka saba juya kwanciya idan sun ji ƙara za su yi nauyin fitowa ko da ihun talakan da ba shi da na'ura ne. Ta haka mai hali da ya sayi jiniya marar kyau yake cinye amanar da unguwa duka ta dogara da ita. Wannan, a ganina, shi ne hujja mafi ƙarfi ta cewa kafa jiniya ba harkar mai gida ba ce shi kaɗai.

Haɗari na uku yana kan masu fitowar. Ranar 1 ga Mayun 2019, bayan sallar magariba, 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, sai ranar 2 ga Yuli jami'an tsaro suka kuɓutar da shi a Kano. Lamarin ya tunatar da mu cewa ba kowane mai zuwa da sharri ne ɓarawon tukunya ba. Jiniyar da ke kiran maƙwabci ya fito da gora, alhali masu bindiga ne a ciki, tana iya jawo shi ga ajalinsa. Saboda haka a wuraren da ake ajiye kuɗi masu yawa, kamar gidajen mai da manyan shagunan POS, maɓallin da ke aika saƙo a asirce zuwa ga jami'an tsaro ya fi jiniya dacewa. 'Yan sintiri kuma suna buƙatar umarni bayyananne: su haska daga nesa, su busa usur, su kira ofishin 'yan sanda, kada su kutsa gidan da ba su san abin da ke ciki ba.

6. Kyamara da katanga mai lantarki

Yawanci mai sayar da jiniya yakan haɗa wa mai saye da kyamara. Ginin Bahaushe an tsara shi ne a kan sutura: zaure, sannan shigifa, sannan tsakar gida inda mata ke aikinsu babu mayafi. Kyamarar da aka ɗora a kan bene ko dogon ƙarfe tana iya leƙa tsakar gidan maƙwabci dare da rana, hoton kuma yana cikin wayar mai gida da ta wanda ya haɗa masa. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin hukunci a kan irin wannan. Ibn al-Rami, wani magini masanin fiƙihu da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafinsa al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan, ciki har da hana buɗe tagar da ke kallon cikin gidan maƙwabci, da hana cutar da shi da hayaƙi ko girgizar bango. Tushen duka shi ne ƙa'idar nan ta hana cuta da cutarwa. Alƙalin Daura ba ya buƙatar sabon ilimi kafin ya gane cewa kyamara taga ce da ba ta rufuwa. Dokar zamani ma ta zo daidai: sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin gidajen mutane, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma, duk da ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ke yi don amfanin gidansa, ta sa sharaɗin kada ya keta sirrin wani.

Wayar lantarki ta kan katanga kuwa, wadda aka ƙera don wannan aiki tana fitar da wutar ne a gajerun bugu da ke girgiza mutum ba tare da sun kashe shi ba. Wanda ya ja wayar NEPA kai tsaye ya ɗora a katanga ya kafa tarkon kisa ne, kuma wanda zai faɗa ciki ya fi yiwuwa ya zama yaron da ƙwallonsa ta faɗa gidan. Wannan kam haramci ya kamace shi kai tsaye.

7. Wa zai rubuta ƙa'idar, me kuma za ta ƙunsa

Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota, da tsara harkar shaguna da kes-kes, da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Ke nan majalisar kansilolin Daura ko ta Mai'aduwa tana da ƙafar tsayawa idan ta yi dokar jiniya a kasuwa da shaguna. Gidajen zama da rajistar masu haɗa na'ura sun fi buƙatar doka daga Majalisar Dokokin Jihar Katsina, don kada lauya ya rushe aikin a zaman kotu na farko. Shawarata ita ce a fara da kasuwanni, inda ikon yake a fili, ga kuma sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa da masu gadin da an riga an san su. Ƙananan hukumomin biyar su yi rubutu iri ɗaya, don kada abin da aka hana a Daura ya halatta a Sandamu. Majalisar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ita ce inuwar da za ta iya tara su, kuma ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni ne saƙon zai isa kowane zaure.

Abin da za a rubuta bai kamata ya wuce shafi biyu ba, kuma a yi shi da Hausa, da boko da ajami. Kowace jiniya ta kasance tana kashe kanta cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Ni da za a bi ta tawa, da dare minti 10 ya isa, domin gidajenmu a manne suke da juna. Mai na'ura ya ba da sunan mutum biyu mazauna garin da ke riƙe da mabuɗi, waɗanda za su iya isowa cikin ɗan lokaci. Idan ba a same su ba, mai unguwa tare da ɗan sanda ko jami'in Sibil Difens su sami ikon kashe jiniyar daga waje, a rubuta abin da aka yi. Kafin a fara amfani da sabuwar na'ura a gwada ta da rana a gaban maƙwabta, su san muryarta su san gidan da take. A duba batir da idanun sau biyu a shekara, kafin bazara da kafin hunturu. Wadda ta yi kukan banza sau uku a cire jiniyarta ta waje har sai an gyara, a bar mai gida da saƙon waya. Mai haɗawa ya yi rajista da sunansa da lambar NIN da wanda ya tsaya masa, ya kuma nuna wa mai gida yadda zai canja lambar sirri da hannunsa bayan an gama aiki. Sashen da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na masu fitowa: wanda aka kama ba a dukansa, ba a ɗaure shi a turke, ba a ɗaukar hotonsa a watsa a Facebook ko WhatsApp, ana tsare shi ne a wajen mai unguwa har 'yan sanda su iso.

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomi kada su mayar da wannan hanyar tara haraji. Ranar da aka sa wa rajista kuɗi, ranar mutane za su daina yi, a koma kafawa a ɓoye. Abin da ya cancanci a kashe wa kuɗi shi ne lambar gidaje. Mai kiran 112 da ke kwatance da "bayan gidan Alhaji wane, kusa da bishiyar darbejiya" yana ɓata mintunan da ake bukata, musamman idan mai amsa wayar yana Katsina, ɗan sandan da za a turo kuma baƙo ne a garin. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ake ta maganar 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi. Sa wa gidaje lamba aiki ne da tsarin mulki ya riga ya ɗora musu, fenti da faranti kawai yake ci.

Akwai matsala guda da rajistar kanta za ta haifar, kuma gara a faɗe ta tun yanzu. Littafin da ya ƙunshi gidajen da ke da na'ura, da irin na'urar, da sunan masu riƙe mabuɗi, da bayanin cewa mai gidan ba ya gari, idan ya faɗa hannun ɓarawo ya gama samun duk abin da yake nema. Don haka kada a rubuta irin na'urar ko inda idanunta suke. Sunan mai gida da lambar gida da lambobin wayar masu mabuɗi sun wadatar. Kada kuma a tara na masarauta duka a kwamfuta ɗaya a sakatariya, inda ma'aikata ke canjawa da canjin gwamnati. Kowane mai unguwa ya riƙe na unguwarsa, kwafi guda ya tafi wajen DPO na yankin a rufe, 'yan sintiri kuma a ba su lambar wayar mai unguwa kawai, shi ne zai kira mai mabuɗi idan bukata ta taso.